Yahudawa a Idon Sinawa

Akasarin Sinawa ba su taɓa yin ido biyu da Bayahude ba. Yahudawan da ke zaune a ƙasar Sin ba su wuce 'yan dubbai ba, yawancinsu baƙi ne da harkar kasuwanci ta kai su Shanghai da Beijing da Hong Kong. Don haka abin da mutanen ƙasar suka ɗauka game da Yahudawa ya fito ne daga littattafai da fina-finai da intanet, kuma mafi yawansa daga Turai da Amurka aka shigo da shi.

Tsohuwar al'ummar Yahudawa ta birnin Kaifeng ta kafu tun zamanin daular Song, ta gina wurin ibadarta a 1163. Maƙwabtansu sun ɗauke su wani reshe na Musulmi, tunda su ma ba sa cin naman alade, suna kuma yin kaciya. Ba a san an tsangwame su saboda addininsu ba. Auratayya da ambaliyar Rawayen Kogi ne suka rage su, har wurin ibadar ya rushe a ƙarni na 19. Ƙiyayyar Yahudawa da ta daɗe a Turai, wadda ta ginu kan zargin kashe Almasihu, ba ta da tushe a al'adun Confucius ko na Buddha.

Hoton Yahudawa da Sinawa ke da shi yau ya fara ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Turawa da Japan ke yayyaga ƙasar. Masu neman gyara irin su Liang Qichao sun riƙa buga misali da Yahudawa: al'umma mai dukiya da haɗin kai, amma ba ta da ƙasa, don haka kowa na taka ta. Gargaɗi ne ga Sinawa kada su faɗa cikin wannan hali. A 1920 jagoran siyasar Sin Sun Yat-sen ya rubuta wasiƙar goyon bayan kafa ƙasar Yahudawa. A wannan zamani kuma attajiran da asalinsu Bagadaza ne, wato iyalan Sassoon da Kadoorie da Hardoon, suna da manyan gidaje da filaye a Shanghai, abin da ya ƙarfafa tunanin cewa Bayahude da kuɗi ba sa rabuwa. 'Yan gudun hijira kusan 20,000 da suka tsere wa 'yan Nazi zuwa birnin daga 1933 zuwa 1941 kuwa, da yawansu sun iso ne ba su da ko sisi. Gwamnatin Sin na alfahari da wannan tarihi, da kuma Ho Feng-Shan, jami'in jakadancin Sin a Vienna da ya ba dubban Yahudawa biza.

Bayan buɗe tattalin arziki a 1978 da ƙulla hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1992, sai yabo ya yi yawa. Ana cewa Yahudawa sun fi kowa basira, sun iya neman kuɗi, suna girmama ilimi da iyali kamar Sinawa, ana kawo sunayen Marx da Einstein a matsayin hujja. Shagunan littattafai suka cika da jagororin kasuwanci da tarbiyyar yara masu ɗauke da sunan Talmud, alhali Talmud littafin shari'a ne da muhawarar malamai, ba ruwansa da dabarun ciniki.

Wannan yabo da zargin maƙarƙashiya jijiyarsu ɗaya, domin wanda ya yarda cewa wata al'umma ta fi kowa wayo da dukiya, ba wuya ya yarda ita ke juya duniya a ɓoye. Littafin Song Hongbing na 2007 kan yaƙin kuɗaɗe, wanda ya ɗora wa iyalin Yahudawa na Rothschild mallakar tsarin kuɗin duniya, ya yi kasuwa ƙwarai duk da masana sun ƙaryata shi. Bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a Oktoban 2023, kalaman ƙin jinin Yahudawa sun yawaita a shafukan sada zumunta na Weibo da Douyin, sau da yawa a cakuɗe da fushi da Amurka, ba tare da bambance Bayahude da gwamnatin Isra'ila ba.

Akwai masana kamar Xu Xin na Jami'ar Nanjing da Pan Guang na Shanghai da suka kafa cibiyoyin nazarin tarihin Yahudawa don gyara fahimta. A hukumance dai Yahudanci ba ya cikin addinai 5 da gwamnati ta amince da su, zuriyar Kaifeng ma ba sa cikin ƙabilu 56 na ƙasar, kuma tun wajen 2015 aka taƙaita musu taron ibada.