Alayyahun Bordeaux da sunayensa uku

A 1925 wani mai tattara tsirrai mai suna Bouchon ya tsinko wani ciyayi a Bordeaux, birnin tashar jiragen ruwa a Faransa. Dangin alayyahu ne da zaki-banza, amma babu wanda ya shuka shi. Aka danne shi ya bushe, aka manna a takarda tare da rana da wurin da aka same shi. A 1926 Albert Thellung, masanin baƙin ciyayi ɗan Suwizalan, ya raɗa masa Amaranthus bouchonii.

Wanda ya ji sunan sai ya ɗauka ɗan ƙasar Faransa ne. Ba a tabbatar da haka ba. Danginsa na kusa duk 'yan nahiyar Amurka ne, sunan kuwa na wanda ya sunkuya ya tsinko shi ne kawai.

Abin da ya sa Thellung ya ware shi bai kai ƙwayar gero ba. A yawancin danginsa na kusa, kwanson irin yakan tsage a kewaye, samansa ya ɗage kamar murfin tukunya. Na Bordeaux ba ya tsagewa. Shin wannan ya isa a kira shi jinsi mai zaman kansa? Wasu masana sun ce a'a, suka mai da shi reshen Amaranthus hybridus. A 2001 masana Costea da Carretero suka sa shi ƙarƙashin Amaranthus powellii, wanda masanin tsirrai Sereno Watson ya raɗa wa suna a 1875 don girmama John Wesley Powell, mai binciken kogin Colorado. Har yau wasu littattafan Turai na riƙe da sunan Thellung.

Nan ne wahalar take ga mai son gano shekarar da ciyayin ya shiga wani birni. Ma'adanar busassun tsirrai tana jera kayanta ne bisa suna, kuma kowane mai tattarawa da sunan da zamaninsa ya ba shi. Samfuri guda na iya kwana shekaru a aljihun hybridus alhali na Bouchon ne. A ganina, wanda ya ƙirga rubutun takardun kawai, tarihin ra'ayin masana ya ƙirga. Dole mai bincike ya ɗauki madubin ƙara girma ya duba kwanson kowane samfuri, sannan ya manna ƙaramar takardar gyara kusa da tsohuwar, da sunansa da shekara, ba tare da ya goge ta farko ba.