Kocin Da Kofi Ya Faɗo Wa: Tsohuwar Gardamar 'Yan Kallo Daga Abuja Zuwa Ƙofar Mata

Ranar Lahadi 12 ga Disamba, 2004, babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe shekara guda kafin nan domin wasannin Afirka, ya karɓi wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiyar. Enyimba ta Aba ce mai masaukin baƙi, ko da yake ita ma baƙuwa ce a garin. Etoile du Sahel ta Tunusiya ta ci ta 2 da 1 a Sousse, ita kuma ta rama 2 da 1 a Abuja, aka tafi bugun fenareti. Ana dab da tashi sai koci Okey Emordi ya cire Vincent Enyeama, golan da ya tsare wa Najeriya raga a wasanta da Ingila a gasar cin kofin duniya ta 2002, ya saka Dele Aiyenugba. Enyimba ta ci 5 da 3, ta zama ƙungiya ta farko da ta riƙe kofin shekara biyu a jere tun bayan TP Englebert ta Lubumbashi a 1967 da 1968.

Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Emordi kyautar gwarzon koci na shekarar. Amma ba kowa ya sallama masa ba, kuma har yau idan hira ta yi daɗi a gidajen kallon ƙwallo na Nyanya, Kubwa ko Dei-Dei, aka faɗa cikin musun wane ne koci mafi rauni da ya taɓa ɗaga babban kofi, sunansa na cikin waɗanda dattawan majalisa kan jefo. Abuja gari ne da ya dace da irin wannan musu. Babu wata ƙungiyar birnin da ta taɓa lashe gasar Firimiyar Najeriya, don haka kowa da ƙungiyar garinsu ya zo: Bakano da Pillars, ɗan Jos da Plateau United, ɗan Inugu da Rangers, kowa kuma yana da kocin da yake ganin sa'a ce kawai ta ɗauke shi.

Hujjar masu sukar Emordi guda ɗaya ce, wai dami ya tsinta a kala. Kadiri Ikhana ne ya ci kofin a 2003, bayan Ismaily ta Masar ta yi wa Enyimba 6 da 1 a wasan rukuni, aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe Enyimba ta yi nasara 2 da 1 jimilla. Wannan ne karon farko da wata ƙungiyar Najeriya ta ɗauki kofin. Gwamnan Abiya na lokacin, Orji Uzor Kalu, yana zuba kuɗi, Felix Anyansi-Agwu yana riƙe da ragamar kulob, ga Enyeama a raga, ga Obinna Nwaneri a baya. Wanda duk aka damƙa wa irin wannan ƙungiya, in ji su, ko barci yake yi zai farka da kofi.

Shekara goma bayan haka tarihi ya sake ba su abin faɗa, a Kano kuwa. Pillars ta fara cin gasar ƙasa a 2008 a hannun shi dai Ikhana. Muhammad Baba Ganaru ya ci mata a 2012 da 2013. Da ya tafi aka kawo Emordi, ya ci ta 2014, kofi na uku a jere. Ga Rabi'u Ali Pele a tsakiya, ga Gambo Muhammad a gaba, duk ya tarar da su. Sau biyu ke nan yana shiga gidan da wani ya gina yana ɗaga kofi a ƙofarsa.

Sai dai wannan hujja tana da rami. Riƙe kofi ya fi cin sa wuya, domin kowace ƙungiya ta riga ta san salon zakara, 'yan wasa sun ƙoshi, dillalai suna zarya da tayin Turai da na ƙasashen Larabawa. Canjin gola kuma ba gado ba ne, shawara ce da mutum ɗaya zai yanke a bakin fili, in ta ɓaci shi za a jefa. Emordi ya yi ta a wasan kusa da na ƙarshe da Esperance ta Tunis, ta yi kyau, ya maimaita ta a Abuja. Da Louis van Gaal ya yi irinta a 2014, ya saka Tim Krul domin fenareti a wasan Holan da Kosta Rika, duniya ta kira shi gwani, alhali wani ya riga shi da shekara goma. Emordi ya sake cin gasar ƙasa da Enyimba a 2010, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na Afirka a 2011. Mutumin da ya ci kofi a Aba, ya ci a Kano, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara goma, ba shi ne mafi rauni ba, ko da ba a son fuskarsa.

To in ba shi ba, wa? Matasan majalisa, waɗanda suka fi sanin Stamford Bridge a kan Ƙofar Mata, amsarsu a shirye take: Roberto Di Matteo. Mataimaki ne a Chelsea, aka ba shi riƙon ƙwarya a Maris 2012 bayan korar Andre Villas-Boas. Ya fitar da Napoli, Benfica da Barcelona, ya doke Bayern Munich da fenareti a filinta ranar 19 ga Mayu, da Mikel Obi a tsakiya tun daga farko har ƙarshe. A gasar Ingila kuwa ta shida Chelsea ta ƙare. Cikin Nuwamba na wannan shekarar aka sallame shi, kuma abin da ya yi daga baya a Schalke da Aston Villa bai wanke shi ba. Shari'arsa mai sauƙi ce, domin a Turai ana iya ware aikin koci daga sauran abubuwa: albashi na zuwa kan lokaci, fili a gyare yake, ƙungiya mai ƙarfi tana cin wasa a waje kamar yadda take ci a gida.

A Najeriya abin ba haka yake ba, kuma nan ne gardamar take rikicewa. Shekaru da dama gasar ta kasance ta masu gida. Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa Agustan 2015, ba a ci ta wasan gasa a gida ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1. Kociyoyi nawa suka shige a cikin waɗannan shekaru? Da mai kyau da mai dama-dama, duk sun ci moriyar filin Sani Abacha na Ƙofar Mata da dubban masu ihun "Sai Masu Gida". Ƙungiyar da ta tabbatar da maki uku a duk wasan gida, ta tsinto canjaras kaɗan a waje, ta kama hanyar kofi. Shi ya sa ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne abin da ya faru da aka ƙetare iyaka. A 2013 Pillars ta ci AC Leopards ta Kongo 4 da 1 a Kano, aka rama mata 3 da nema aka fitar da ita. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta tare ta tun a zagayen share fage. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta yi mata 4 da nema, ko da yake a wannan karon akwai uzuri babba: kwanaki kaɗan kafin wasan, 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Muhammad. Zakarun Najeriya na shekara uku a jere ba su kai wasan rukuni ko sau ɗaya ba a waɗannan shekaru. Wannan tabo ne a kan Ganaru da Emordi baki ɗaya.

Akwai kuma waɗanda kofi bai gama hucewa a hannunsu ba aka nuna musu ƙofa. Imama Amapakabo, tsohon gola cikin yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, shi ya kawo wa Rangers kofin 2016 bayan shekara 32 tana jira. A Afrilun 2017 aka kore shi, ƙungiyar tana can ƙasan teburi. Masu musu suna kama wannan su ce ga shi nan, an gane shi. Amma wanda ya ɗauki ƙungiyar da ta gagari kociyoyi tun 1984 ya kai ta kofi, da wuya a ce gado ya ci. Faɗuwarsa ta yi sauri, sai dai irin wannan ta faru ga Claudio Ranieri, wanda Leicester ta kora wata tara bayan ya ci mata gasar Ingila a 2016, kuma ba wanda yake kiran kofinsa na banza.

Shari'ar Usman Abdallah, ɗan Kano, ta fi sarƙaƙiya. Ya ci wa Enyimba gasar 2019, amma gasa ce da aka gajarta: rukuni biyu, sannan ƙungiyoyi shida suka taru a filin Agege na Legas a watan Yuni. Rangers ce ta jagoranci rukunin da Enyimba take ciki, wasa biyar na Legas suka juya lissafi, Pillars ta zo ta biyu. A Janairun 2020 Plateau United ta yi wa Enyimba 4 da nema a Jos, aka sallame shi. Mai neman aibu zai same shi a nan. Mai adalci kuwa zai tuna cewa a Agege babu mai gida, babu 'yan kallon da za su firgita alƙalin wasa saboda Enyimba, kuma a 2018 ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙalubale na Afirka kafin Raja Casablanca ta tsayar da shi. Ta irin wannan hanya ta ƙungiyoyi shida Finidi George ya ci gasar a 2023, aka ba shi Super Eagles a 2024, bai wuce wasa biyu na neman gurbin kofin duniya ba, canjaras da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Benin, ya ajiye aikin. In dai za a tuhumi tsarin gasa, to a tuhume shi a kan su biyun.

Wani abin da majalisa ba ta cika tunawa ba shi ne kociyoyin da ofis ya hana kofi. A 2018 rikicin shugabancin hukumar NFF tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa, wanda ya kai ga mamaye hedikwatarta ta Glass House a Wuse, ya tsayar da gasa bayan wasa 24. Lobi Stars ta marigayi Solomon Ogbeide ce a sama, aka ba ta tikitin Afirka ba tare da kofi ba. A 2020 annobar korona ta yi wa Abdu Maikaba haka, Plateau United tana kan teburi. Su biyun ba sa cikin jerin zakarun gasar, alhali wasannin da suka buga suna jan ragama sun ninka na Agege sau da yawa.

Idan aka tace, Di Matteo ne kaɗai a cikin waɗannan sunaye da tuhumar ta kama da kyau. A gida, kofi ya fi bin ƙungiya, gwamnan da ke biyan albashi da filin da ake tsoron shiga, fiye da bin mutumin da ke tsaye a bakin layi, kuma Pillars ce shaida. Ganaru ya dawo a 2015 bai ci ba. Ikhana ya dawo a ƙarshen 2016, bai ƙarasa kakar ba. Ibrahim Musa ya kawo kofin Aiteo a 2019 bayan doke Niger Tornadoes da fenareti a Kaduna, amma a 2022 ƙungiyar ta faɗa gasa ta biyu. Ta dawo a 2023, aka gwada Maikaba, aka gwada Usman Abdallah, kofin Firimiya bai koma Kano ba a hannun ko ɗaya daga cikinsu.