Takobi da Sihiri a Hannu Ɗaya: Tarihin Jarumi Mai Sana'a Biyu a Wasannin Labari na Tebur

Wasan labari na tebur wasa ne da mutane huɗu ko biyar ke zama su yi da takarda, fensir da ƙwayoyin jefawa irin na lido. Kowa yakan ƙirƙiri jaruminsa, mutum ɗaya kuma ya ja ragamar labarin ya yanke hukunci. Komai na cikinsa ƙage ne, har da sihirin, wanda bai wuce lissafi a kan takarda ba. Daga cikin jaruman da 'yan wasa suka fi kwaɗayin ginawa akwai wanda ya iya sara da takobi kuma ya iya jefa sihiri, kuma kusan shekara hamsin ke nan masu tsara dokoki suna ta ciniki a kan farashin da za a ɗora masa.

Tushen matsalar yana cikin wasan Chainmail na 1971, wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka tsara don yaƙin 'yan gumakan sojoji a kan tebur. A ƙarin da aka yi masa na tatsuniya, mai sihiri yana aikin igwa ne: yana harbi daga nesa, yana buƙatar a tsare shi. Da Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ta kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, sai wannan rabon aiki ya zama doka. Mayaƙi yana sanya sulke yana tsayawa gaba. Mai sihiri ba shi da sulke, makaminsa wuƙa kawai, kuma a matakin farko sihiri ɗaya yake riƙewa, da ya jefa shi ya manta shi har sai ya sake hadda. An aro wannan dabara daga littattafan Jack Vance.

Rabon na wasa ne kawai, domin labaran da aka ɗebo ba su san shi ba. Gandalf na Tolkien yana da takobi, haka ma Elric na Michael Moorcock matsafi ne kuma mayaƙi. A ƙasar Hausa ma ba a taɓa raba su ba. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki a wajen ƙarshen ƙarni na 14, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma shi ne ya koma ga tsafin Tsibiri lokacin da yaƙin Zazzau ya gagare shi. Sarauniya Mangu ta Lugu, da ta tari rundunar Faransa a 1899, ana tuna ta da yaƙi da asiri gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ga 'yan tauri a Sakkwato ko Katsina ya san cewa layu da ƙarfe tare suke tafiya. A tebur ne kawai haɗin ya zama matsala, saboda idan mutum ɗaya ya iya komai, sauran abokan wasa sun zama 'yan kallo.

Mafita ta farko ta zo ta hanyar jinsin elf, wasu halittu masu tsawon rai. A dokokin 1974 elf yana iya fita wannan tafiya a matsayin mayaƙi, ta gaba a matsayin mai sihiri, amma ba zai wuce mataki na 4 a yaƙi ko na 8 a sihiri ba. Littafin 'yan wasa na 1978 ya buɗe hanya biyu. Halittun da ba mutane ba suna iya riƙe sana'a biyu lokaci guda, sai dai makin gogewarsu yakan rabu biyu, ci gabansu ya yi nawa. Ɗan Adam kuwa sai ya ajiye sana'ar farko ya faro ta biyu daga tushe, kuma sai yana da maki 15 a baiwar tsohuwar da 17 a ta sabuwar, alhali 18 ne ƙoli. Mutane ƙalilan ne ƙwaya ke yi wa wannan gata. Bugun Tom Moldvay na 1981 ya sauƙaƙa lissafin: elf yana buƙatar maki 4,000 kafin ya hau mataki na biyu, mayaƙi kuwa 2,000. A shekarar ce kuma littafin Fiend Folio ya kawo halittun githyanki na Charles Stross, waɗanda ake kiran mayaƙansu masu sihiri gish, sunan da 'yan wasa suka laƙaba wa duk jarumi irin wannan har yau.

Daga nan rigimar ta koma kan sulke. Bugu na biyu na 1989 ya hana jefa sihiri cikin sulke, in ban da elf mai sulken jinsinsa. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma bugunsa na 2000 ya bar kowa ya zaɓi sana'ar da yake so a kowane mataki. 'Yancin ya zo da haraji: sulken fata yana ɓata sihiri kashi 10 cikin ɗari, cikakken sulken ƙarfe kashi 35. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne lissafin matakai. Wanda ya raba matakai goma sha biyu gida biyu yakan tarar yana fuskantar dodannin mataki na 12 da sihirin mataki na 6, ya zama bai ga tsuntsu bai ga tarko ba. Wannan gibin ne aka yi ta cikewa da sababbin sana'o'i: Eldritch Knight a 2003, Duskblade a 2006, sai Magus na wasan Pathfinder a 2011. Biyun ƙarshen nan ne suka taɓa ainihin ciwon, domin sun ba jarumi damar zuba sihiri ta bakin takobinsa a motsi guda. Ƙarancin da ya fi damun mai sana'a biyu shi ne na lokaci, tunda a kowane zagaye abu ɗaya ake yi, kuma duk zagayen da ya yi sara, sihirinsa zaman banza yake yi.

Bugu na biyar na 2014 ya soke harajin sulke: duk sulken da jarumi ya ƙware da shi, yana iya jefa sihiri a cikinsa. Haɗa sana'a yana neman maki 13 kawai a baiwar da ta dace. Eldritch Knight ya zama reshen mayaƙi daga mataki na 3, sai dai sihirinsa yana tsayawa a daraja ta 4 cikin 9. Farashin ya koma wasu wurare. Sihiri mai ɗorewa guda ɗaya ake iya riƙewa, kuma bugun makami yana iya kwance shi, ga shi mai tsayawa gaba ya fi kowa shan bugu. Mataki na 5 ne ke ba mayaƙi sara na biyu, mai sihiri kuma manyan dabarunsa na farko, don haka duk wanda ya ratse kafin nan ya jinkirta su. Reshen wata sana'ar sihiri mai suna Hexblade na 2017 ya bar jarumi ya yi sara da baiwar da yake sihiri da ita, abin da ya sa da yawa suke ɗaukar mataki ɗaya a cikinsa su wuce, wasu masu jan ragama kuma suka hana shi a teburinsu. A kan dokokin bugu na biyar aka gina wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 na 2023, wanda ya kai wannan lissafi ga miliyoyin da ba su taɓa zama a tebur ba.