Butstirap a Binciken Sanadi

Butstirap dabarar ƙididdiga ce da Bradley Efron ya ƙirƙiro a 1979. Kwamfuta ke ta sake ɗiban samfuri daga bayanan da ke hannu, sau dubbai, don a ga yadda sakamako ke tangal-tangal.

Ana amfani da ita a binciken sanadi. Misali, mai son sanin ko noman rani na ƙara wa manoman Shagari da Bodinga kuɗi yana da matsala, domin masu hali ne suka fi sayen injin ban-ruwa, don haka da wuya a gane ko noman ne ya kawo kuɗin. Sai ya jingina da ma'aunin gefe, wato abin da ke shafar noman rani amma ba ya shafar kuɗin kai tsaye, kamar nisan gona daga madatsar Shagari, hanyar da ta fara bayyana a littafin Philip Wright na 1928.

In ma'aunin mai rauni ne, wato alaƙarsa da noman rani ba ta da ƙarfi, butstirap na gama-gari kan yaudari mai bincike. Masana Davidson da MacKinnon sun kawo ingantaccen salon butstirap a 2010.