Kuɗin da ake iya janyewa, da hajar da ba ta dawowa

Ranar 12 ga watan Oktoban 2009, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Martti Malmi ya sayar da Bitcoin 5,050 a kan dala 5.02. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba; a canjin wancan lokaci jikka biyu ne da ƴan kai. Ta kamfanin PayPal aka biya shi. Shi ne ciniki na farko da aka sani wanda aka ba da Bitcoin aka karɓi kuɗin gwamnati. Duk mai ba da wannan labari yakan tsaya yana jimamin dukiyar da yaron ya saki a banza. Ni wani abu daban nake so malamai da uwaye su duba. Da a ce wanda ya saya macuci ne, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a mayar masa da dalarsa biyar. Malmi kuwa ko taga ba shi da ita. Ya yi sa'a ya gamu da mutumin kirki. Ba duk waɗanda suka biyo bayansa suka yi wannan sa'a ba, kuma yau ƴaƴanmu ne ke zaune a tabarmar da ya zauna.

Duk wanda ke wucewa ta fadodin matasa a Maraɗi ko Damagaram ya ga abin da nake faɗi. Yaro yana lise, ko ya gama babu aikin yi, yana zaune da salula yana sayen USDT, wato kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, yana sayarwa, yau da sefa gobe da naira, yana cin ɗan abin da ya hau. Su suna kiran abin P2P. Uwaye da yawa murna suke yi: ba ya yawo, ba ya roƙo, har yakan kawo na cefane. Sana'ar sabuwa ce a wurinmu, amma ramin da ke cikinta ya girmi yaran da ke yin ta.

Tushen abin yana Amurka. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka da ta ba mai katin bashi na banki ikon ya ƙi amincewa da kuɗin da aka cire masa, in an yi kuskure, ko ba shi ya yi sayayyar ba, ko hajar ba ta iso ba. Banki sai ya bincika, in ya gamsu ya janye kuɗin daga wurin ɗan kasuwa. Doka ce mai kyau, don ita ta sa mutane suka saki jiki da kati. Da ciniki ya koma intanet, kamfanonin da ke shiga tsakani suna karɓar kuɗi a madadin mai sayarwa suka gaji wannan tsari. Babbansu PayPal, wanda kasuwar eBay ta saye a 2002, ya ba mai saye kwana 45 na kai ƙara, daga baya ya tsawaita zuwa kwana 180. Mai sayarwa yana da kariya shi ma, amma sai ya nuna shaidar cewa ya aika kaya ta gidan waya zuwa adireshin mai saye. Abin da ba a iya ɗaure shi cikin kwali ba ya cikin wannan kariya a wancan zamani. Bayan haka, kamfanin yana da ikon riƙe kuɗin da ke asusun mutum har kwana 180 in ya yi shakkar harkarsa.

Bitcoin kuwa an gina shi ne takanas don ya zama kishiyar wannan. Takardar da Satoshi Nakamoto ya fitar ranar 31 ga Oktoban 2008 tun a shafinta na farko take kukan cewa biyan kuɗi ta intanet ba ya yankewa, kullum ana iya warware shi. Maganin da ya kawo shi ne kuɗin da in an tura, an tura kenan. Ba banki, ba shugaban kamfani, ba alƙalin da zai danna wani abu ya dawo.

To ku haɗa biyun a ciniki guda. Mai saye ya biya da kuɗin da za a iya janyewa bayan wata biyar, ya karɓi hajar da ba ta dawowa bayan minti goma. Ɓarayi ba su ɗauki lokaci ba suka gane.

Kasuwar Mt. Gox, wadda Jed McCaleb ya buɗe a watan Yulin 2010, ta soma ne da karɓar kuɗi ta PayPal. Kafin Oktoban shekarar ya ƙare ta daina. Mutane sun riƙa shigowa da asusun PayPal na sata suna sayen Bitcoin suna kwashewa, masu asusun na gaskiya suka kai ƙara, aka janye kuɗin, asarar ta zauna a kan kasuwar. A 2011 wani ƙaramin shago mai suna CoinPal, wanda sana'arsa kenan sayar da Bitcoin ga masu biya ta PayPal, ya rufe bayan an daskarar da asusunsa. A watan Yuni na wannan shekara kasuwar Bitcoin Market, wadda ta riga Mt. Gox buɗewa, ita ma ta yi sallama da PayPal saboda zamba. Ban ga laifin PayPal sosai a nan ba. Ma'aikacinsa yana gaban ƙara biyu: wannan ya ce an sace masa asusu, wancan ya ce na aika wasu lambobi zuwa wani adireshi da ba shi da suna. Wa kuke jin zai gaskata?

Labarin da ya fi koyarwa a ganina shi ne na TradeHill. Wannan kasuwa ta buɗe a 2011, masu ita kuma sun riga sun ga abin da ya sami na gabansu, don haka suka zaɓi wani kamfani na jihar Iowa mai suna Dwolla, wanda ba ya aiki da kati, daga asusun banki yake jawo kuɗi kai tsaye. A cewar TradeHill, an ba su tabbacin cewa kuɗin da ya shigo ya shigo kenan. Sai suka lura kuɗin da aka rubuta musu ya iso yana komawa matsayin wanda ake jira, sannan ya ɓace, alhali sun riga sun saki Bitcoin. Dalili kuwa, tsarin bankunan Amurka da Dwolla ke hawa a kai shi ma yana ba mai asusu damar cewa ba da izininsa aka cire ba. TradeHill ta ce ta yi asarar kusan dala 100,000 ta wannan hanya. Ta rufe a Fabrairun 2012, a watan Maris ta kai Dwolla kotu tana neman dala miliyan 2. Waɗannan manya ne masu lauyoyi da masu lissafi, suna karanta yarjejeniya kafin su sa hannu. Abin da ya ci su shi ne sun ga lamba a kan allon kwamfuta sun ɗauka kuɗi ne a hannu.

Daga nan ƴan kasuwar suka ce to, a nemi kamfanin da ba ya mayar da kuɗi ko kaɗan. Akwai shi, sunansa Liberty Reserve, yana ƙasar Costa Rica, wani Arthur Budovsky ya kafa shi. Ba ya tantance sunan kowa, kuma abin da aka tura ta cikinsa ba ya dawowa. Can Mt. Gox ta koma bayan ta bar PayPal. Amma abin da ya sa ya yi wa mai sayarwa daɗi shi ne ya sa ya zama matattarar ɓarayin kati da ƴan damfara na duniya. A ƙarshen watan Mayun 2013 hukumomin Amurka suka rufe shi, suka ce an wanke kuɗin haram da ya kai dala biliyan 6 ta cikinsa, aka kama Budovsky a Spain, a 2016 aka yanke masa shekara 20. Takardar tuhumar ta ambaci Najeriya cikin ƙasashen da ƴan canjin Liberty Reserve suka fi yawa. Cikin masu amfani da shi akwai mutanen da ba su saci ko sisi ba, masu ƙananan ayyuka ta intanet da ba su da wata hanyar karɓar ladansu daga waje. Ranar da aka rufe shafin ba a tsaya tambayar wane ne na kirki ba, kowa ya wayi gari ba ya iya taɓa abin da ke asusunsa. A cikin wannan wata dai, gwamnatin Amurka ta ƙwace kusan dala miliyan 3 daga asusun da wani reshen Mt. Gox ke da shi a Dwolla, saboda bai yi rajista a matsayin mai aikin aika kuɗi ba. A Oktoba Dwolla ya daina hulɗa da masu kuɗin intanet gaba ɗaya.

Cikin shekara huɗu kenan mai sayarwa ya ga fuskoki uku na asara: mai saye ya janye kuɗinsa, kamfani ya daskarar da asusu, hukuma ta rufe kamfanin da kuɗin kowa a ciki.

Abin ya iso ƙofarmu ne ta Tarayyar Najeriya, kamar yadda naira da man fetur da waƙa suke isowa. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 babban bankin ƙasar ya hana bankuna hulɗa da kasuwannin kuɗin intanet. Cinikin bai mutu ba, sai ya watsu. Maimakon kamfani guda ya karɓi kuɗin jama'a, kowane yaro mai salula ya zama kamfanin kansa, yana ba baƙo lambar asusunsa. Haɗarin da ya kayar da TradeHill aka rarraba wa dubban matasa, kowa da rabonsa. An ɗage haramcin a Disambar 2023, amma wata biyu bayan haka, da naira ta faɗi warwas, gwamnati ta juya kan Binance, ta tsare jami'ansa biyu, kamfanin ya daina harka da naira a watan Maris na 2024. A Afrilu wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ba hukumar EFCC izinin daskarar da asusun banki 1,146. Kamfanonin biyan kuɗi ta waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka gargaɗi masu hulɗa da su cewa wanda aka samu yana cinikin kuɗin intanet za a rufe asusunsa. Wanda ke zaune Maraɗi yana karɓar naira ta irin wannan asusu, dokar can ce ke kansa, ko da bai taɓa ƙetare Ɗan Isa ba.

Yaranmu za su ce maka yanzu an ci gaba, akwai mai riƙon amana. Gaskiya ne: kasuwar tana riƙe USDT ɗin mai sayarwa, ba ta sakin sa sai ya danna cewa kuɗi sun shigo. Wannan yana hana mai sayarwa gudu da kuɗin mai saye. Bayan an danna kuwa aikin mai riƙon amana ya ƙare. Hoton shaidar biya na jabu da saƙon banki na jabu su ne ƙananan dabaru, yaro mai wayo yana kauce musu in ya buɗe asusunsa ya duba da idonsa. Wadda ta fi muni ita ce wadda kuɗin na gaske ne. Macuci ya sa tallar waya ko babur a Facebook da araha. Wata baiwar Allah ta ce tana so. A daidai lokacin sai ya buɗe ciniki da ɗanka, ya ɗauki lambar asusun ɗanka ya ba ta, ya ce nan za ki biya. Ta biya. Ɗanka ya duba, kuɗi sun shigo cif, ya saki USDT. Macuci ya kashe waya. Matar ta jira babur har ta gaji, ta tafi komisariya da takardar biya a hannunta, sunan da ke kan takardar kuwa ba na macucin ba ne. Kamfanin USDT yana iya daskarar da kuɗi in manyan hukumomi sun nema, amma ban ga ranar da zai motsa saboda jikka ɗari biyu na wani yaro a Zariya ko Sabon Gari ba.

Kakanninmu da suka yi fataucin shanu da goro sun san wannan matsala, shi ya sa ba a ciniki da baƙo sai da dillali ko mai masauki. Shi ya san mai kaya, ya san mai saye, in saniya ta fito ta sata shi ake kamawa ya nemo wanda ya kawo ta, la'adar da yake ci kuma ladan wannan lamuni ne. A cinikin P2P yaro yana ɗaukar lamunin dillali, yana amsa laifin mutumin da bai taɓa gani ba, a kan ribar da wani lokaci ba ta kai kuɗin shayin fada ba. Malamin lissafi da ke neman misali mai rai ga ƴan ajinsa yana iya ba su wannan: in ribarka tamma 5 ce a kan kowace tamma 600, ciniki nawa za ka yi lafiya kafin ka mayar da asarar guda ɗaya da aka janye? Amsar 120 ce, kuma ba a sa kwanakin da asusu zai yi a rufe ba.

Ban ce a ƙwace wa yara salula ba, ba zai yiwu ba ma. Tsofaffin ƴan wannan sana'a da suka daɗe ba su faɗi ba suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa sassautawa: in sunan wanda ya turo kuɗi bai yi daidai da sunan wanda ke ciniki da su ba, ba sa sakin komai, suna mayar da kuɗin inda ya fito. Uba yana iya tambayar ɗansa ko yana bin wannan, ko da shi uban bai san mene ne USDT ba.

Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda na yi wa wani tsohon ɗalibina da ya zo gaishe ni yana nuna mini cinikinsa na wata. Na ce da wane suna aka buɗe asusun da kuɗin ke shiga, tunda lokacin da ka soma shekarunka ba su kai 18 ba? Ya ɗan yi shiru, ya ce da katin ɗan ƙasa na mahaifiyarsa. Na ce ta san abin da ake yi da shi? Ya ce ta san dai ya ara ya je ya yi rajistar layi.