Injin Wankel

Injin Wankel wani nau'in inji ne mai ƙona mai a cikinsa, wanda ke amfani da rota mai kusurwa uku a maimakon fistin. An sa masa sunan Felix Wankel (1902–1988), injiniyan ƙasar Jamus da ya ƙirƙiro shi. Injin ƙarami ne, ba shi da nauyi, kuma ba ya jijjiga sosai, sai dai yawan shan mai da gurɓataccen hayaƙi sun hana shi yaɗuwa.

Tarihi

Samfurin farko ya tashi a kamfanin NSU na Jamus a shekarar 1957. NSU Spider ta 1964 ita ce motar farko da aka kai kasuwa da wannan inji. Kamfanin Mazda na Japan ya sami lasisin ƙera shi a 1961, ya fitar da Cosmo Sport a 1967. A 1991 motar Mazda 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

Yadda yake aiki

Rotar tana zagayawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, ta raba shi ɗakuna uku. Kowane ɗaki yana zuƙo iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna wuta, sannan hayaƙi ya fita. Idan rota ta zagaya sau ɗaya, sandar da ke fitar da ƙarfin injin ta zagaya sau uku. Ba ya buƙatar bawul, shi ya sa sassansa masu motsi ba su da yawa.

Matsalar hayaƙi

Ɗakin ƙonawar dogo ne siriri, saboda haka zafi yana zurarewa ta bango, wani ɓangaren mai kuma ya fita bai ƙone ba. Siraran ƙarafan da ke toshe kusurwoyin rota suna cinyewa, kuma baƙin man da ake fesa musu yana ƙonewa tare da fetur. Tashin farashin mai na 1973 ya durƙusar da cinikin irin waɗannan motoci.

Ƙoƙarin gyara

Domin cika dokar tsabtar iska ta Amurka ta 1970, Mazda ya ƙara wani ɗaki a hanyar salansa da ke ƙone ragowar mai. A injin Renesis na motar RX-8 (2003) an mayar da ƙofofin fitar hayaƙi gefen gidan rota. Duk da haka motar ba ta cika ƙa'idar Euro 5 ta Turai ba, aka daina ƙera ta a 2012.

Injin ya dace da iskar haidurojin, domin wurin shigar mai daban yake da wurin ƙonawa, don haka ba ta saurin kamawa da wuta kafin lokaci. Mazda ya fara ba da hayar RX-8 mai haidurojin a Japan a 2006. A 2023 ya dawo da injin a motar MX-30 R-EV, inda aikinsa kawai juya janareta ne don cajin batir.

A Amurka, kamfanin LiquidPiston na Nikolay Shkolnik da ɗansa Alexander ya juya tsarin: rota mai siffar ƙwai a cikin gida mai kusurwa uku, ƙarafan toshewa kuma suna kafe a jikin gidan.