Zanen Layi da Karanta Sauyin Damina da Farashin Hatsi a Arewacin Adar: Misalin Barmu

Tsakure

Maƙalar tana nazarin amfani da zanen layi a manhajojin nazarin alƙaluma wajen nuna sauyin ruwan sama da farashin hatsi a Barmu, cikin jihar Tawa. Hujjarta ita ce shekarar da aka fara layi da ita, da yadda manhaja ke cike gurbin da babu awo, su ke yanke abin da mai karatu zai gani.

Gabatarwa

Tun da William Playfair ya fitar da zanen layi a littafinsa na 1786, tsarin bai sauya ba: lokaci a kwance, adadi a tsaye, layi yana haɗa ɗigo da ɗigo. Yau Excel ko R na zana shi cikin ƙiftawar ido. A Nijar ana gina irin wannan zane kan awon hukumar yanayi ta ƙasa, da na cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, da farashin kasuwanni da SIMA, tsarin bibiyar kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa. Ga Barmu, inda noman hatsi ya dogara kan damina ɗaya tak, daga Yuni zuwa Satumba, kuma samari ke tafiya cin rani bayan kaka, karanta layin nan daidai magana ce ta abinci.

Shekarar farawa

Shekarun 1950 na yalwar ruwa ne a Sahel. Sai fari ya biyo baya, mafi tsanani a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984, kafin ruwa ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990. Wanda ya fara layinsa daga 1950 zai ga gangara, wanda ya fara daga 1984 zai ga hawa, alhali alƙaluman ɗaya ne. Kowanne gaskiya ya zana, amma rabinta. Don haka ya wajaba a shimfiɗa layi na biyu, na matsakaicin shekara 30, a kuma faɗi ko na 1961 zuwa 1990 ne ko na 1991 zuwa 2020, domin na farkon ya haɗiye shekarun farin gaba ɗaya.

Jimillar shekara ma tana ɓoye abin da ya fi damun manomi. Ruwa kan yi hutu na sati uku bayan shuka, hatsi ya ƙone, sannan a yi mamako a Agusta da zai cike lissafi. Awon kwana goma-goma ne ke tona wannan. Kuma awon tashar yanayi ta Tawa na Tawa ne. A ƙasar Adar ruwa kan sauka a wannan gari ya tsallake na kusa da shi, saboda haka liƙa wa layin Tawa sunan Barmu kuskure ne.

Farashi da gurbin da babu awo

Farashin tiyar hatsi yana faɗuwa da kaka, ya riƙa hawa har tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare. Wannan hawan al'ada ne, kowace shekara ana ganinsa. Abin nema shi ne shekarar da ta fita daga al'ada, kamar 2005, bayan ƙarancin ruwa da fārin dango na 2004. Ana gane ta ne idan an jera watanni 12 a kwance, kowace shekara da layinta, tare da matsakaicin shekaru 5 da suka gabata. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, ya kamata a yi musu alama a jikin zanen, kada a ɗora wa damina laifin da ba nata ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne gurbi. Idan mai ɗaukar farashi bai je kasuwa wani wata ba, kuma aka tsallake watan a jadawali, manhaja kan miƙe layi ta haɗa watan baya da na gaba, sai a ɗauka an auna. Idan kuma aka sa sifili, layin ya faɗi ƙasa kamar hatsi ya zama kyauta. Watannin da hanyoyin karkara ke lalacewa, awo ya yi wuya, su ne kuma watannin da hatsi ya fi tsada. A bar gurbin a buɗe, a rubuta adadin watannin da aka rasa a ƙarƙashin zanen.